Ƙararrawar Matan Govan: Yadda Ɗan Haya Ya Samu Bakin Magana a Birtaniya

Maƙalar wannan mako ta tarihi ce, a kan abin da da yawanmu muke ciki, wato zaman haya.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan haya ya san wannan lissafi. Damina ta faɗi, rufi yana yoyo, an jera bokitai a tsakar ɗaki. Ɗan haya yana ganin gyaran na mai gida ne, amma kafin ya buɗe baki sai ya auna: in na matsa masa, me zai hana shi cewa in nemi wani wuri idan kuɗina ya ƙare? Sau da yawa sai ya haɗiye maganar ya ƙara bokiti. Abin da muke son nunawa shi ne, nauyin gyara da doka ke ɗora wa mai gida ba ya amfanar kowa muddin mai gidan yana iya tayar da mutum a duk lokacin da ya ga dama. Mun ɗauki Birtaniya ne saboda can aka shafe fiye da shekara 100 ana jan wannan igiya a fili, kuma dokar haya da kotunan Najeriya ke aiki da ita daga can ta samo tushe.

Mu fara da yadda abin yake kafin a taɓa shi. A shekarar 1863 wani babban alƙali a Ingila ya yanke cewa in dai babu yaudara, babu dokar da ta hana mutum ba da hayar gidan da ke shirin rushewa. Wanda ya kama haya shi zai duba da idonsa, kamar mai sayen akuya a kasuwa. A 1906 aka kai wata ƙara har kotun ƙoli ta ƙasar, wadda ake kira Cavalier da Pope. Wani mutum ya kama gida, daɓen katakon kicin ɗin ya ruɓe, wakilin mai gidan ya yi alkawarin gyarawa bai gyara ba. Matar ɗan hayar ta taka, katakon ya ɓurma da ita, ta ji rauni. Kotu ta ce ba ta da hakkin diyya daga mai gidan, domin da mijinta aka ƙulla yarjejeniya, ita ba ta ciki. Ita ce mai wuni a kicin ɗin, amma a idon doka baƙuwa ce.

Majalisa ta ɗan taɓuka. Wata doka ta 1885 ta ce ƙananan gidajen da ake ba ma'aikata haya dole su dace da zaman ɗan Adam a ranar da aka shiga. A Sikotland, wadda take da nata tsarin shari'a daban, tun da can ana ɗora wa mai gida ya tsare gidansa daga iska da ruwa. Sai dai a ko'ina mai gida yana da makamai biyu da suka fi waɗannan ƙarfi. Yana iya sa a kwashe kayan ɗakin ɗan haya a madadin bashin haya, kuma yana iya fitar da shi cikin ɗan lokaci. A wancan zamani fiye da kashi uku cikin huɗu na iyalan ƙasar a gidan haya na 'yan kasuwa suke zaune.

A haka yaƙin duniya na farko ya same su a watan Agusta 1914.

Birnin Gilasgo yana bakin kogin Clyde, kuma a lokacin yana cikin manyan wuraren ƙera jiragen ruwa a duniya. Mutanensa sun kai miliyan ɗaya bayan an haɗe masa unguwannin Govan da Partick a 1912. Fiye da rabin mazauna birnin a ɗaki ɗaya ko ɗaki biyu suke, cikin dogayen benaye na dutse, iyalai da yawa suna shiga ta ƙofa ɗaya su hau matakala ɗaya, galibi har bayan gida ɗaya suke rabawa. Masu benayen ba su cika zuwa ba. Suna da ejan da ke karɓar kuɗi, ya ba da notis, ya kai ƙara. Da yaƙi ya ɓarke aka shiga neman ma'aikata a masana'antun jiragen ruwa da na harsasai, dubban mutane suka kwararo birnin, ginin sababbin gidaje kuma ya tsaya. Masu gidaje suka ga kasuwa ta buɗe, suka ɗaga haya, a wasu wurare har da kashi 25 cikin ɗari.

Akwai abin da ya ƙara ɗaure ma'aikacin. A watan Yuli 1915 gwamnati ta yi dokar da ta hana yajin aiki a masana'antun makamai, ta kuma hana ma'aikaci barin wurin aikinsa sai da takardar sallama daga ubangidansa. To ga mutum ba shi da ikon tashi ya nemi aiki a wani gari, ba shi da ikon yajin neman ƙarin albashi, ga ejan yana ƙara masa haya. Gaba kura, baya sayaki. Waɗanda suka fi shan wuya su ne matan da mazajensu suke fagen daga, suna riƙe da yara da ɗan alawus ɗin soja. An kai irin waɗannan mata kotu saboda bashin haya, kuma wannan ya ɓata wa jama'a rai fiye da komai.

Mata ne suka tashi, don su ne suke gida da rana lokacin da ejan da ma'aikatan kotu suke zuwa. An kafa ƙungiyar mata ta gidaje a Gilasgo a 1914, kuma a Govan jagorarsu ita ce Mary Barbour, 'yar masaƙin darduma, haifaffiyar 1875, matar wani ma'aikacin masana'antar jiragen ruwa. Tare da ita akwai irin su Helen Crawfurd da Agnes Dollan. Daga bazarar 1915 suka fara abin da aka kira yajin haya. Ya kamata mu lura da yadda suka tsara shi. Ba su ce ba za su biya haya ba. Sun ce ga tsohon kuɗi, ƙarin ne ba za su bayar ba. Suka manna takardu a tagogi masu cewa suna yaji kan ƙari, kuma ba inda za su tashi su je.

Dabararsu ta fito ne daga ginin kansa. Tun da kowane bene ƙofa ɗaya yake da ita, mace ɗaya ta isa gadi. Sai ta zauna a bakin shiga da ƙararrawa a hannu, sauran suna ciki suna wanki da girki. Da ta hango ma'aikacin kotu ya doso da takardar fitarwa sai ta kaɗa. Nan take mata su fito daga kowane hawa da benayen maƙwabta su cika matakala, ba hanyar wucewa. Wanda ya nace sai ya sha garin fulawa da jiƙaƙƙen wanki a fuska. In abin ya yi tsanani a aika masana'anta maza su fito. Haka kuma in an yi nasarar fitar da wani, ba a barin sabon ɗan haya ya shiga ɗakin a kan sabon farashi. Cunkoson da ya sa rayuwarsu ta yi wuya shi ya ba su wannan ƙarfi, domin da a gidaje warwatse suke da ɗaya bayan ɗaya za a tsince su. Mutanen gari suka sa musu suna rundunar Misis Barbour.

Kafin watan Nuwamba iyalai wajen 20,000 sun shiga yajin. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike a watan Oktoba, kamar yadda gwamnatoci suka saba in suna son a huce, amma ba a huce ba. Da masu gidaje suka ga fitarwa ta gagara sai suka sauya hanya. Wani ejan a Partick ya kai mutum 18 ƙaramar kotun bashi, da nufin a riƙa cire kuɗin daga albashinsu kai tsaye, inda ƙararrawa ba za ta yi aiki ba. Yawancin waɗanda aka yi wa sammacin ma'aikatan jiragen ruwa da makamai ne. Ranar Laraba 17 ga Nuwamba 1915, ranar zaman kotun, mata suka yi jerin gwano suna bi ta ƙofar masana'antu, ma'aikata suka ajiye guduma suka bi su. Dubban mutane suka kewaye kotun a tsakiyar birni. Wakilan ma'aikata suka shaida wa alƙali cewa in aka yanke hukunci a kan mutanen nan, aiki zai tsaya a bakin kogin. Aka tuntuɓi Landan, inda David Lloyd George yake ministan makamai, daga ƙarshe lauyan ejan ya janye ƙarar.

Bayan kwana takwas aka gabatar da ƙudiri a majalisa, kafin ƙarshen Disamba ya zama doka a Birtaniya baki ɗaya. Dokar ta mayar da hayar ƙananan gidaje kan abin da take ranar 3 ga Agusta 1914, ta daskarar da ita a nan. Ta shafi gidajen da hayarsu ba ta wuce fam 35 a shekara ba a Landan, fam 30 a Sikotland, fam 26 a sauran wurare. Ta hana masu ba da bashin gida ƙara wa masu gidaje kuɗin ruwa, don kada su ce an matse su ta gefe biyu. Sashen da muke ganin ya fi kowanne nauyi shi ne wanda ya hana kotu fitar da ɗan haya muddin yana biyan kuɗinsa yana kiyaye sharuɗɗa, sai da wani dalili da doka ta yarda da shi. Masu rubuta dokar sun gane cewa ƙayyade farashi wasa ne in mai gida zai iya korar wannan ya sa wancan.

A ganinmu ba tausayi ne ya motsa gwamnati ba. A 1915 sojojin Birtaniya suna ƙarancin harsasan manyan bindigogi a Faransa, har abin ya girgiza gwamnati ya sa aka ƙirƙiro ma'aikatar makamai. Tsayawar aiki na mako ɗaya a Clyde ya fi hayar dukan benayen Govan tsada a wurinta. Matan sun san haka, shi ya sa jerin gwanonsu ya bi ta ƙofar masana'antu. Mary Barbour ta ci zaɓen kansila a 1920, tana cikin matan farko da suka shiga majalisar birnin, ta rasu a 1958. Sai a watan Maris 2018 aka kafa mata mutum-mutumi a Govan, ita a gaba, mata da yara da maza a bayanta.

An yi dokar ne da niyyar ta mutu wata shida bayan yaƙi. Ba ta mutu ba. Aka yi ta sabunta ta, ana sassautawa ana ƙara ɗaurewa, aka sake daskarar da haya a 1939 da yaƙi na biyu ya zo. A nan dole mu faɗi ɓangaren da masoya wannan labari ba su cika son ji ba. Kuɗin katako da na leburan gini sun yi ta hawa, haya tana tsaye. Mai gida da yake karɓar kuɗin 1914 ko na 1939 ba ya ganin dalilin sake rufi. Da yawa cikinsu ma ba attajirai ba ne, akwai zawarawa da tsofaffin da gida biyu ko uku ne abin dogaronsu. Majalisa ta lura da haka tun 1920, ta yarda a ƙara haya da kashi 40 cikin ɗari, 25 daga ciki saboda gyara, ta kuma ba ɗan haya damar neman a dakatar da ƙarin in gidan bai gyaru ba. Duk da haka gidaje suka yi ta lalacewa, masu su suka yi ta sayarwa. Ɗan haya ya samu zama daram, amma sau da yawa a ƙarƙashin rufin da ba mai taɓa shi.

A 1957 gwamnatin masu ra'ayin riƙau ta ce za ta farfaɗo da kasuwar haya. Ta cire ƙayyade farashi daga manyan gidaje, sa'annan ta sa wani sharaɗi da ya zama masifa: duk ɗakin da tsohon ɗan haya ya bari, ya fita daga kariyar doka, mai gida ya sa kuɗin da yake so. Ma'ana, tsohuwar da ta shekara 20 a ɗakinta ta zama ita ce shingen da ke tsakanin mai gida da riba. Tun da doka ba ta ba shi ikon fitar da ita ba, sai ya nemi hanyar da za ta fita da ƙafarta.

Sunan da ya manne wa wannan zamani shi ne Peter Rachman, ɗan gudun hijira daga Folan da ya tara tsofaffin gidaje a unguwar Notting Hill ta Landan. Yana sayen gida da arha saboda akwai 'yan haya masu kariya a ciki, ya san yadda zai yi su tashi, ya yayyanka gidan ƙananan ɗakuna ya cika shi da baƙi daga tsibiran Karebiyan a kan kuɗi mai tsada. Waɗannan baƙi ba su da zaɓi, don yawancin masu gidaje farar fata ba sa ba baƙar fata haya. An zarge shi da sa a riƙa kiɗa har asuba, da yanke wuta da ruwa, da aika ƙarti da karnuka karɓar haya. Ba a taɓa ɗaure shi kan ko ɗaya ba, ya mutu a watan Nuwamba 1962. A shekarar da ta biyo baya sunansa ya fito a cikin abin kunyar minista Profumo, jaridu suka tono harkokinsa, har sunan nasa ya shiga ƙamus ɗin Turanci da ma'anar zaluntar ɗan haya. Gwamnatin Leba da ta hau a 1964 ta yi gaggawar hana fitar da mutum ba tare da umarnin kotu ba. A 1965 ta mai da tsangwamar ɗan haya laifi, ta kuma naɗa jami'an da ke yanke hayar da ta dace da kowane gida, a riƙa duba ta lokaci zuwa lokaci maimakon a daskarar da ita.

A tsakanin nan ne, a 1961, aka rubuta nauyin gyara a fili. Duk hayar da ba ta kai shekara bakwai ba, mai gida ne zai kula da jikin ginin da rufinsa da magudanan ruwa, da bututun ruwa da gas da wayoyin lantarki, da bayan gida da na'urar ɗumama ɗaki, kuma ba a yarda ya rubuta yarjejeniyar da za ta juye wannan nauyi kan ɗan haya ba. Wannan tanadi yana nan har yau a sashe na 11 na dokar 1985. Amma ga wani abin dariya mai ban haushi. Tsohon sharaɗin nan na 1885, cewa gida ya dace da zaman ɗan Adam, yana aiki ne kawai in haya ba ta wuce wani adadi ba. A 1957 aka tsayar da adadin a fam 80 a shekara a Landan, fam 52 a sauran wurare, aka bar shi haka sama da shekara 60. Fam ɗaya ke nan a mako. Dokar tana cikin littafi, ɗalibai suna karanta ta, amma kusan babu gida ɗaya a Ingila da ta shafa. Ɗakin da danshi da fumfuna suka cinye bangonsa, in dai ba wani abu ne ya karye ba, ɗan haya ba shi da ƙarar da zai kai. Sai a 2018 'yar majalisa Karen Buck ta samu aka yi dokar da ta cire wannan iyaka.

Kafin nan kuwa an riga an zare ɗaya ƙafar. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 hayar 'yan kasuwa ta ragu zuwa kusan gida ɗaya cikin goma. Gwamnatin Margaret Thatcher ta yi dokar 1988, wadda ta fara aiki a Janairu 1989. Sababbin masu kama haya za su biya farashin kasuwa, kuma a ƙarƙashin sashe na 21 mai gida yana iya ba da notis na wata biyu ba tare da ya faɗi dalili ba, kotu kuma dole ta ba shi gidansa in takardunsa sun cika. Masu kuɗi suka dawo harkar, bankuna suka fara ba da bashin sayen gida don haya, rabon hayar 'yan kasuwa ya ninka zuwa kusan gida ɗaya cikin biyar a Ingila. Ta wannan fuska dokar ta yi abin da aka yi ta dominsa.

Ta ɗaya fuskar sai aka koma lissafin mai bokiti. Ɗan haya yana da sashe na 11 a hannunsa, mai gida yana da sashe na 21 a nasa, kowa kuma ya san wanda ya fi kaifi. Ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice ta fitar da bincike a 2018 da ya nuna cewa cikin waɗanda suka kai ƙorafi a hukumance kan lalacewar gida, kashi 46 cikin ɗari sun samu notis na tashi cikin wata shida. Sikotland, ƙasar su Mary Barbour, ita ta fara rufe wannan ƙofa, inda daga Disamba 2017 sabuwar haya ba ta ƙarewa sai da ɗaya daga cikin dalilan da doka ta lissafa. A Ingila gwamnati ta yi alkawarin soke sashe na 21 a watan Afrilu 2019, aka yi ta jan ƙafa, ƙudirin farko ya mutu da aka rushe majalisa don zaɓen 2024. Sai a watan Oktoba 2025 aka sa hannu kan dokar da ta soke shi, ƙasa da wata ɗaya kafin cika shekara 110 da ranar da aka kewaye kotun Gilasgo.

Abin da ya iso mana Najeriya ta hannun Turawan mulki shi ne tsohon tsarin wa'adi. Dokar karɓar gida da ke aiki a Abuja, wadda jihohi da yawa suke da irinta, ta ce in ba a rubuta wani abu daban a yarjejeniya ba, mai biyan mako a ba shi notis na mako, mai biyan wata a ba shi wata, mai biyan shekara a ba shi wata shida. In wa'adin ya cika bai tashi ba, a ƙara masa takardar kwana bakwai ta sanar da shi za a je kotu, kuma kotu ce kaɗai ke fitar da shi. Cire ƙofa ko kwance kwano ko watso kaya waje ba ya cikin ikon mai gida, ko da ana bin mutum bashin shekara. Jihar Legas ta ƙara gaba a dokarta ta 2011. Ta sa tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya fitar da ɗan haya da ƙarfi ko ya tsangwame shi, ta ba ɗan haya damar ƙalubalantar ƙarin da ya wuce hankali a kotu, ta kuma hana a fitar da shi kafin a gama shari'ar. Ita kuwa dokar Abuja maganar wa'adi da hanyar zuwa kotu kawai take yi. Wanda zai gyara rufi in ya fara yoyo, wannan sai abin da aka rubuta a takardar yarjejeniya, in an rubuta ta.